Kaka da Fitilar Madubi

Tun ina yaro na san kujerar gaba ta Kaka ce, ko motar ta wace ce. Mahaifiyar babanmu ce, 'yar Sabon Birni gaba da baya, kuma ta yi ƙuruciyarta a kan manyan motoci tana kai barkono da daddawa kasuwannin Nijar, ta dawo da kanwa da dabino. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma in ka ji tana ba da labari, babu direban da ya taɓa kai ta wani gari, ita ce take kai shi. Da ta zauna sai ta gyara mayafi, ta kafe madubin gefenta da ido, ta kama aiki. "Akwai mai babur." "Bari jakin ga shi wuce." "To, shiga." Direbobin tasha sun daɗe da daina musu da ita. Wasu har daɗi suke ji, don kuwa ta ɗauke musu wahalar waiwaye.

Ni ne jikanta na fari, saboda haka tun ban san kaina ba take kirana mai gida, ni kuma in ce mata amarya, kamar yadda aka saba wasa tsakanin kaka da jika. Na girma, na yi aure, na samu aikin koyarwa a wata sakandare a Isa, amma wannan suna bai canza ba.

Motar da za ni ba da labarinta ba tawa ba ce. Ƙanena ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a Maradi yake yi, shi ya sayo ta hannun wani ɗan Nijar. Ta hannu ce, ruwan toka, amma da sauran kyanta. Sai da ya kawo ta gida ya tuna cewa harkarsa ta Burkusuma da ƙauyukan bakin iyaka ce, inda babur kaɗai ke shiga. Ya miƙo mini makulli ya ce in riƙa ɗumama ta kada ta lalace a ajiye. Ban yi masa gardama ba.

Asabar ta farko na tafi da ita Sabon Birni gaida iyaye. Na tarar labari ya riga ni isa. Kaka na zaune a zaure da ƙullin kayanta, ta ce dama tana da niyyar zuwa Isa ganin Goggo, autarta da ke aure a can. Ba ta tambayi ko za ni koma ranar ba. Ta kewaya motar, ta shafa ta kamar mai tayin saniya, ta buɗe gaba ta zauna. Da na kunna sanyi sai ta lumshe ido, ta ce wannan kam Turawa sun yi abin kirki.

Ba mu yi nisa da barin gari ba na hangi rami a gabana, na sa sigina za ni kauce dama. Sai wata 'yar fitila rawaya ta fara ƙyaftawa a cikin madubin gefen Kaka, motar kuma ta saki wata ƙara siririya, ɗit-ɗit-ɗit. A daidai lokacin Kaka ta ce, "Akwai ɗan kabu-kabu." Mai babur ya wuce ta damarmu, fitila ta mutu, ƙara ta ɗauke.

Na gangara gefen hanya, don na ɗauka na ɓata motar mutane tun ranar farko. Na buɗe gaba na leƙa inji, duk da ban san abin da nake nema ba. Daga ƙarshe na kira ƙanena a waya, na sa yadda Kaka za ta ji.

Sai da ya yi dariya ta ishe shi. "Yaya, ba lalacewa ta yi ba," in ji shi. "Akwai wasu na'urori biyu ɓoye cikin bamban baya, ɗaya dama ɗaya hagu. In abin hawa ya shigo wurin nan da madubi ba ya nunawa, wanda ba ka gani sai ka waiwaya, sai fitilar ta kama. In ka sa sigina alhali yana nan, sai ta yi kuka."

Kaka ta matso da bakinta kusa da wayar. "Kai ɗan nan, kana nuhin motar na da ido a ƙeya?"

"Kusan haka ne, Kaka."

"To ni mi nike yi nan?"

Muka ci gaba da tafiya, ba ta ƙara cewa uffan ba har muka shiga Isa. Na san Kaka, na san wannan shiru ba na haƙuri ba ne.

Daga ranar na zama direbanta. Suna, ta'aziyya, dubiya, ko kawai ta tashi da marmarin tuwon Goggo, sai a aiko mini in zo. Kuma kowace tafiya tsere ce tsakaninta da fitilar. Da ta ji alamar babur a baya sai ta yi wuf ta ce, "Akwai mutum," sannan ta juya ta harari madubi. In fitilar ta kama bayan maganarta, sai ta ce, "Sannu da zuwa." In kuwa fitilar ta riga ta, sai ta ce ai ta gan shi tun ɗazu, tasbihi ne a bakinta ba ta so ta katse.

Ba a daɗe ba ta fara gano lagon abokiyar gabarta, kuma duk wanda ta gano sai Sabon Birni ta ji. Abu na farko, fitilar ba ruwanta da abin da ke tsaye. Jaki zai kafe a bakin kwalta yana tunanin duniya, mu bi ta gefensa har kunnensa ya kusa shafar gilashi, ba za ta motsa ba. Na biyu, in muka shiga kasuwar Isa, inda ake tafiya kamar ana bin gawa, babura ta ko'ina, masu baro, awaki, masu tallar rake, nan ne take ɗauke wuta gaba ɗaya. Ƙanena ya ce haka aka yi ta, ba ta fara aiki sai mota ta ɗan ɗauki gudu.

"Wato inda aka hi bukatarta, nan take kwana," in ji Kaka. "Na san ma'aikata irin wagga."

Wani lokaci kuma takan kama babu gaira babu dalili. Akwai wata gada mai ƙarafuna a gefe, sau da yawa in muka hau sai ta ƙyafta. Kaka takan leƙa ta ga babu kowa, ta tofa addu'a ta ce ko dai abin yana ganin waɗanda mu ba mu gani. Na ce mata ƙarfe ne yake ruɗa ta. Ta ce in ji da tuƙina.

Gaskiya ita ce fitilar ta yi mini rana ba sau ɗaya ba, musamman ta hagu, inda ba hurumin Kaka ba ne. Masu babur na garinmu suna fitowa ne kamar daga ƙasa, kuma ba su san wani abu wai shi hon ba sai sun zo daidai kunnenka. Amma ban isa in yabe ta a gaban amarya ba. Ranar da na kuskura na ce, "Kin ga ta taimaka," sai da aka kai ƙarata wurin babanmu, wai na fifita ƙarfe a kan wadda ta goya shi.

Da damina ta sauka, hanyar unguwar Goggo ta zama taɓo zalla. Wata safiya mun fito daga can za mu suna a Sabon Birni, motar ta yi dama-dama da jar laka har rufi, sai allon da ke gaban sitiyari ya yi ƙara ya fito da wani dogon rubutu. Da yake motar daga Nijar ta zo, duk abin da za ta faɗa da Faransanci take faɗa. Turancina na makaranta bai amfane ni da komai ba.

"Karanto mini," in ji Kaka. "Ni na san Hwaransanci."

Faransancin Kaka na sani. Ta iya gaida jandarma, ta iya cewa kaya sun yi tsada, ta iya wata kalma guda da babanmu ya hana mu maimaitawa. Amma ba ni da wani tafinta, sai na karanto rubutun yadda ya zo bakina. Ta saurara da kyau tana gyaɗa kai, ta ce in sake. Na sake.

"Ruwa take so," in ji ta.

"Amarya, a ina kika ji ruwa a ciki?"

"Kai ka yi Nijar ko ni?"

Na tsaya na duba ruwan inji, yana nan cike. Na ƙara na wanke gilashi daga butar alwala. Rubutu bai tafi ba, kuma na lura tun da ya fito fitilun madubi sun daina kamawa, ko da babur ya manne a jikinmu. Kaka ta yi tafiyar nan cikin farin ciki. Ita kaɗai ke da filin, tana kiran kowane babur da kowace akuya da murya irin ta mai shela.

Da muka kusa gari ta ce ba za ta sauka gidan suna daga mota mai kama da wadda aka tono daga rami ba, in biya bakin gulbi a wanke ta. Masu wanki suka yi ta sheƙa mata ruwa, suka ɓamɓare lakar da ta daskare a bamban baya. Ina tayar da ita, allon ya washe, babu rubutu. Muna hawa kwalta wata mota ta zo wucewa, fitilar hagu ta kama tas.

Kaka dai ta gyara zama, ta ɗago haɓa.

Daga baya ƙanena ya fassara mini hoton rubutun da na tura masa: cewa take wani abu ya toshe na'urar baya, a share. Na je da murnata na gaya wa Kaka cewa babu kalmar ruwa ko ɗaya a ciki.

"To da mi aka share ta?" in ji ta. "Da hura?"

A waɗannan shekarun ne hanyarmu ta lalace, ba lalacewar ramuka ba. Mutane suka koyi fita sai rana ta ɗaga, a jira juna a tasha a tafi a jere, a buga waya gaba a tambayi ko hanya lafiya. In an doshi wajen Gatawa hira takan mutu a kowace mota. Kaka ma, da ba ta san shiru ba, takan ciro tasbaha.

Wata rana muka baro Isa tare da wasu motocin haya, amma Kaka ta tsaya sallama da Goggo har suka yi mana nisa. Ta sa an cusa mata buhun kuka a but, wadda za ta raba wa dangi. Tun daga ƙofar gida allon ya fito da wani gajeren rubutu. Na karanto mata, ta ce gaisuwa ce, in ƙyale ta.

Mun shiga daidai wurin da ba a son tsayawa, babu mota gaba babu baya, sai na hango babura a madubin tsakiya. Suna da yawa, kowanne da mutum biyu, fuskoki naɗe da rawani, kuma gudu suke yi na masu son cim mana. Na taka mai, amma ramuka suka hana ni. Fitilar hagu ta kama. Ta dama ta kama. Ban taɓa ganin su sun kama tare ba sai ranar. Na dubi Kaka don in ji mi za ta ce, sai na ga babu kowa a kujerar. Ta sulale ƙasa ta dunƙule, mayafi a ka, salati kawai ke fitowa.

Wani ya matso ya buga gilashina da tafin hannu. Ya sake bugawa, yana nuna baya da yatsa yana ihu. Na sauke gilashi kaɗan.

"Malam! But ɗinka buɗe yake! Kuka na zuba tun daga gari!"

Na tsaya. Manoma ne, daga ta'aziyya suke, sun rufe fuska saboda garin kukar da muke ta bulbula musu a ido. Na waiwaya na ga kore shar a kan kwalta iya ganina. Na gaba-gaban su duk sun koma kore har gira, ɗaya na atishawa ba ƙaƙƙautawa. Suka taya ni ɗaure abin da ya rage, babbansu ya leƙa ya gaida Kaka da ke ƙoƙarin hawowa kujera, ya ce, "Inna, a yi haƙuri, mun tsorata ku." Suka raka mu har muka ga shingen sojoji.

Sai da muka wuce shingen Kaka ta samu bakin magana, kuma a kan fitilar ta sauke.

"Dubi abin banza. Ta iya cewa ga mutum, ba ta iya cewa wane iri ne."

"Ke ma ai ba ki faɗa ba."

"Ina ƙarƙashin kujera, ta ina za ni gani?"

Muka yi dariya har na share hawaye, amma hannunta na kan gwiwata. Da muka isa gida ba ta ci abinci ba. Mun san mutanen da suka ga irin baburan nan a madubi, kuma ba kuka aka biyo su a gaya musu ba. Ta daɗe ba ta aiko a kira ni ba, har sai da matar ƙanena ta haihu a Isa, zama ya gagare ta.

A wannan tafiyar ce aka yi abin rodi. Mun shigo Isa da hantsi, gilasai a rufe, sanyi na aiki, Kaka na ba ni labarin yadda aka yi sunan babanmu. Za ni karya dama in shiga layin gidan mai jego, na sa sigina tun daga nesa. Fitila ta kama ta yi kukanta, Kaka ta ce, "Akwai mutum." Kamar ranar farko, suka yi magana tare. Na dakata. Babur ya wuce ta dama, na ga bayan mai shi. Fitila ta mutu. Kaka ta ce, "Ya wuce, shiga."

Na shiga.

Abin da babu wanda ya gani a cikinmu shi ne mutumin rodin gini yake ja. An lanƙwasa ƙarafunan biyu an ɗaure a bayan babur, jelarsu na jan ƙasa can baya, ta fi motar tsawo. Tayar gaba ta taka jelar. Igiya ta tsinke, ɗaurin rodin ya faɗo ya yi tsalle, ya zabga wa ƙofar baya mari, ya saƙalo kusurwar bamba ya ɓalle ta. Mai babur kuwa ya ji nauyi ya ragu, ya ƙara wuta abinsa. Sai da ya kusa shan kwana ya waiwaya ya ga ba ya jan komai.

Kafin ya dawo jama'a sun taru. Babu wanda ya ji ciwo, saboda haka kowa ya samu sukunin yanke hukunci. Mai babur magidanci ne mai furfura a gemu, ya sauko yana tafa hannu.

"Haba Malam! Rodin ga tun daga tasha yake kururuwa bisa kwalta, duk Isa ta ji, kai kaɗai ba ka ji ba?"

Na ce gilashi a rufe yake. Wani mai shayi ya ce laifin mai babur ne da bai ɗaura jan ƙyalle a jela ba. Wani ya ce laifina ne, direba da wuyansa yake tuƙi. Ni kuma, don in kare kaina, na yi kuskuren cewa ai fitilar motar ta nuna ya wuce. Nan take aka bar maganar rodi aka koma kan fitila. Sai da na yi bayani, aka zo ana leƙen madubi, wani ya durƙusa ya ciro wani baƙin akwati ɗan ƙarami da ke lilo da waya a inda bamba ta ɓalle, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Wanga shi ne idon?"

"Shi ne."

"To ai ko hanci ba shi da shi."

Kaka ta buɗe ƙofa ta fito a hankali. Na ɗauka za ta yi bikin faɗuwar abokiyar gabarta a gaban jama'a, don ba ta taɓa samun taro irin wannan ba. Sai ta karɓi akwatin daga hannun mutumin ta goge shi da bakin mayafi.

"Ku bar ta," in ji ta. "An ce ta duba babur, ta duba babur. Wa ya ce da ita akwai wutsiya? Ni da ke da ido biyu ma na ce a shiga."

Ta juya kan mai babur ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Kafin a jima ta gano ta san kakarsa, sun taɓa kwana a tasha ɗaya a Nijar. Ta kwance igiyar da ta ɗaure kwanukan mai jego ta ba shi ya sake ɗaure rodinsa, ta yage wani jan ƙyalle daga ƙullinta ta sa aka ɗaura a jela. Aka yi musabaha aka watse. Muka shiga gidan suna da bamba a kujerar baya.

Mai gyaran jikin mota a Isa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya buge ƙofa, ya ɗinke bamba da waya, ya shafe da fenti, ya maida akwatin ya ɗaure shi tam. Sai dai ya maida shi yana kallon wani wuri daban. Daga ranar fitilar dama ta rikice: a fili fetal, babu ko tsuntsu, sai ta kama ta ƙi mutuwa, babbar mota kuma ta zo ta shafe mu ba ta ce komai ba.

Bayan kwana biyu Goggo ta ja ni gefe. Ta ce ta lura Kaka na zuba shayi a gefen kofi, kuma ranar suna ta gaida buhun shinkafa da ke jingine a zaure, har ta tambaye shi mutanen gida. Aka yi shawara a kai ta asibitin ido a Sakkwato. Kaka ta ce idonta lafiya lau, ba inda za ta. Na ce to shi ke nan, ni dai za ni Sakkwato in kai fitila wurin masu kwamfuta su duba ta, kuma ban san wanda zai duba mini dama a hanya ba. Sai ta ce saboda motar mutane za ta raka ni, kuma in an je ba laifi likita ya leƙa, tun da an riga an zo.

Likita ya leƙa ya ce yanar ido ce ta rufe na dama kusan gaba ɗaya, na hagu ma ta fara. Aka yi mata aiki, muka sauka gidan wani ɗan'uwan babanmu har a cire bandeji. Ni kuma na kai mota wurin wani makanike da aka ce duk garin babu kamarsa. Ya jona kwamfuta, ya daɗe yana latse-latse, ya kwanta ƙarƙashi ya fito. Ya ce akwatin ya tsage, ba saiti ba ne matsalarsa, sabo kuma sai an aika Kano, in ma an samu. Shawararsa ita ce ya cire wayar dama in huta da ƙyafce-ƙyafce.

Na kawo wa Kaka labari tana kwance da ido ɗaya a rufe.

"Kada a taɓa ta," in ji ta. "Don ta ruɗe sai a kashe ta? A bar ta ta yi ta hwaɗin abin da ta gani."

Ranar komawa aka ba ta baƙin tabarau, aka ce kada ta cire a rana. Ba mu fita gari ba ta cire. Tana ta mamakin duniya: ashe allunan shaguna na da launi, ashe rigata da ta ɗauka fara ce tana da zane. Muna hawa babbar hanya fitilar dama ta kama, babu kowa a gefenmu sai gonakin gero. Kaka ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe tana kallo.

"Mai gida! Ashe hoto ne a ciki!"

"Hoton mi?"

"'Yan motoci biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ƙanana awa ƙwayar wake. Kai, duk wanga lokaci ni wani ɗigon rawaya kawai nike gani."

Na ce haka yake tun ranar farko. Ta ce mi ya hana in gaya mata. Ta ci gaba da kallon 'yan motocin tana murmushi, tana cewa wanda ya zana su yana da hannu. Can na ji shiru ya yi yawa, na duba na ga kanta ya jingina da ƙofa, tabarau a cinya, baki a ɗan buɗe. Na rage sanyi, na yi ta tuƙi ina waiwayen dama da kaina har wuyana ya ƙage.

Ba ta farka ba sai da muka wuce Goronyo, na faɗa wani rami da ban gani ba.

"Amarya, kin sha kwana," na ce.

Ta laluba tabarau ta maƙala a karkace. "Wa ya yi kwana? Likita ya ce in riƙa hutar da idon. Ka dubi gabanka."